Wa Ya Ɗaure Alkamar da ke Gonar Andrews?

A ɗakin mahaifiyata akwai wani tsohon gwangwanin biskit da ban taɓa ganin biskit a cikinsa ba, domin tun da na yi wayo allura da zare da maɓallai nake tararwa duk sa'ad da na buɗe shi. A kan murfinsa akwai hoton wani amalanke tsaye a tsakiyar rafi, dawaki a gabansa, ga ɗan gida mai jan rufi a gefen hagu, ga kare a bakin ruwa yana kallo, sama kuma ta cika da gizagizai. Tsatsa ta ci gefen murfin, wani sashe na hoton ya koɗe, amma duk da haka na sha zama ina kallonsa a lokacin bazara idan rana ta hana mu fita, ina raya wa raina cewa ƙasar Turawa ke nan: ruwa da inuwa da ciyawa shar, babu mai gumi, babu mai yunwa. Sai bayan shekaru masu yawa, da karatu ya kai ni Landan, na shiga babban gidan adana zane-zane na ƙasa da ke dandalin Trafalgar, inda ba a karɓar ko kwabo a bakin ƙofa, na yi kiciɓis da asalin hoton rataye a bango, faɗinsa ya kusa mita biyu. Sunansa The Hay Wain, wato amalanken ɗaukar ingirici, kuma John Constable ne ya zana shi a shekarar 1821.

Na yi murnar ganinsa kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha, amma wani zane daban, wanda bai kai shi girma ba, shi ne ya tsayar da ni a ranar har ƙafafuna suka gaji. Thomas Gainsborough ne ya yi shi wajen shekarar 1750, kuma ana kiransa da sunan mutanen da ke ciki, Robert Andrews da matarsa Frances. An ɗaura musu aure a garin Sudbury a 1748, shi yana da shekara ashirin da 'yan kai, ita kuwa tana da sha shida, auren da ya haɗa dukiyar gidaje biyu masu maƙwabtaka. A cikin zanen yana tsaye ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya, ya harɗe ƙafa, hannu ɗaya a aljihu, doguwar bindiga a hammata, karen farauta na kallon fuskarsa. Ita tana zaune a kan wani koren benci, sanye da shuɗiyar riga mai baje-bajen gindi da takalman siliki waɗanda ko taku goma ba za su yi a cikin kunya ba tare da sun lalace ba. A kan cinyarta akwai wani fili da mai zanen bai ƙarasa ba, an bar shi haka har yau. Dukansu biyu ni suke kallo, kuma kallon irin wanda mai gida yake yi wa baƙon da ya shigo ba sallama ne.

Abin mamaki shi ne an ture su can gefen hagu, an bar fiye da rabin zanen ga ƙasar da suka mallaka. Daga inda suke, gonar alkama ta miƙe, an riga an yanke ta, kututturan karan sun jeru layi-layi a miƙe, alamar cewa an yi shukar da tsari irin na zamani, wanda injin shuka na Jethro Tull ya fara kawowa a farkon ƙarnin. Can gaba akwai tumaki a cikin shinge, sai itatuwa, sai hasumiyar coci, sai tuddai har inda ido ya gaza. A gaba-gaba kuma, kusa da mai kallo, ga alkama an ɗaure ta dami-dami an jingina su da juna. Ni jikan manoma ne, na san abin da ake nufi da ɗaurin dami: na san ƙaiƙayin da yake shiga wuya, da yankan da kara yake yi wa tafin hannu, da ciwon bayan da yake hana barci. Saboda haka na fara neman waɗanda suka yi aikin, na bi zanen daga wannan gefe zuwa wancan, har na matsa kusa sosai mai gadin ɗakin ya ɗan gyara murya. Babu ko mutum ɗaya. Gona ce da aka nome, aka shuka, aka yanke, aka ɗaure, kuma mutum biyu kaɗai da ke cikinta su ne waɗanda tufafinsu ke shaida cewa ba su taɓa riƙe lauje ba.

Ba ni ne na fara lura da wannan ba, domin masana zane a Ingila sun daɗe suna kai ruwa rana a kansa tun farkon shekarun 1970. Ni dai abin da ya faɗo mini a rai a gaban zanen shi ne kirarin fada. Maroƙi ba lallai ne ya yi ƙarya ba idan yana wasa ubangidansa, domin dawakin da ya ambata suna nan a barga, rumbunan da ya lissafa suna nan cike, amma ba za ka taɓa jin ya ambaci wanda ya yi noman da ya cika su ba, kuma kowa ya san dalili. Gainsborough a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da uku ko kusa da haka, ɗan gidan mai sana'ar ulu wanda ya karye a kasuwanci a 1733. Yankinsu ɗaya da Robert Andrews, amma tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin mai ba da aiki da mai karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An kira shi ya nuna wa baƙin da za su shigo falon gidan cewa wannan ƙasa, daga gindin bishiyar nan har ƙarshen gani, tana da masu ita, kuma ya nuna ɗin da gwanintar da ta sa gidan adana zane-zanen ya biya fam 130,000 a 1960 don ya mallaki zanen.

Bindigar da ke hammatar Andrews ita kanta takardar shaida ce. Dokar farauta ta 1671 ta haramta harbin zomo ko tsuntsayen daji irin su fakara ga duk wanda ba shi da ƙasar da ke kawo masa fam ɗari a shekara, sai 'yan tsirarun da dokar ta keɓe. A zamanin da aka yi zanen, ɗan ƙwadagon gona yana samun kimanin sule ɗaya a wuni, sule ashirin kuma su ne fam guda, wato sai ya yi aikin wuni dubu biyu kafin ya tara abin da ake buƙatar ƙasar mutum ta kawo masa a shekara ɗaya. Manomin da ke haya ba shi da ikon kashe zomon da ke cinye masa shuka. Dokar 1723, wadda aka sani da Baƙar Doka, ta yanke hukuncin rataya ga wanda aka kama da makami ya ɓadda fuskarsa yana farautar barewa a dajin masu ƙasa, daga baya kuma wata doka ta 1816 ta tanadi korar shekara bakwai zuwa ƙetare ga masu farautar dare. Masu ƙasa sukan binne tarkon ƙarfe mai karya ƙafar mutum da bindigogi masu tashi da kansu idan an taka igiya, kuma sai a 1827 aka hana hakan. Duk wanda ya ga zanen a wancan lokaci ya fahimci abin da ake nufi da mutum ya tsaya da bindiga da kare tsakar rana, hannu a aljihu, ba ya waige.

Shingen da ke kewaye da tumakin shi ma yana da tarihi. A da, yawancin ƙauyukan Ingila suna da filayen da jama'a ke da haƙƙi a kansu ko da ba su mallake su ba: talaka yana iya sakin saniyarsa ko agwaginsa su yi kiwo, ya yi itacen girki, ya yanki ciyawar rufi. Duk wanda ya san amfanin makiyaya da burtali da dajin bayan gari ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da wannan haƙƙi yake nufi ga gidan da ba shi da komai. Sannu a hankali aka yi ta killace waɗannan filaye ana mai da su gonakin mutum ɗaya, da farko ta hanyar yarjejeniya ko fin ƙarfi, daga baya ta hanyar majalisar dokoki, wadda masu ƙasa ne suka cika kujerunta. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar ta zartar da dokokin killacewa fiye da 5,200, waɗanda suka shafi eka kusan miliyan bakwai. An samu ƙarin amfanin gona, wannan gaskiya ne, kuma wanda yake da takardar mallaka an ba shi nasa kason. Amma wanda haƙƙinsa na al'ada ne kawai, wanda kakansa ya yi kiwo a wurin ba tare da rubutu ba, sau da yawa ya tashi a tutar babu, ya sayar da saniyar, ya koma mai jiran a ɗauke shi aiki. A yankin Suffolk da Essex, inda gonar Andrews take, an killace mafi yawan ƙasar tun kafin a haife shi, shi ya sa zanen yake da natsuwar wurin da aka daɗe da gama rigima, kowa ya san matsayinsa.

Akwai wata shari'a da nake tunawa duk lokacin da na kalli waɗannan kututturan alkama. A ƙauyen Timworth, a cikin Suffolk ɗin nan, wata mata mai suna Mary Houghton, matar wani mai ɗinkin takalma, ta shiga gonar wani manomi, James Steel, bayan girbi tana kala, kamar yadda matan talakawa suka saba yi tun kaka da kakanni. Kala a can abu ne mai tsari, har a wasu ƙauyuka akan kaɗa ƙararrawar coci da safe da yamma don kowace mace ta fara ta kuma tashi lokaci ɗaya, kada mai ƙarfi ta riga tsohuwa, kuma abin da mace da 'ya'yanta suka tsinta yakan ciyar da gida makonni a lokacin hunturu. Manomin ya kai ƙara, a 1788 kuma kotu ta yanke cewa babu wanda doka ta ba haƙƙin yin kala a gonar wani. Mata sun ci gaba da yi bayan haka, amma ya zama alfarma da mai gona yake iya bayarwa ko ya hana. A wannan shekara ce Gainsborough ya mutu, bayan ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana zana iyalan talakawa a ƙofar bukkokinsu, uwa da jariri da yara masu kumatu a cikin hasken yamma, zane-zanen da masu kuɗi suka so ƙwarai. An san kuma cewa yakan haɗa ƙaramin daji a kan teburinsa a cikin gari, da duwatsu da busassun ganyaye da guntun madubi a madadin tafki, ya kalla ya zana.

Abin bai tsaya a kan bango ba. Masu ƙasa sun yi sha'awar zane-zanen Claude Lorrain, Bafaranshen da ya zauna a Rum a ƙarni na 17 yana zana kwaruruka masu laushin haske da makiyaya marasa damuwa, sai suka ce a mai da musu harabar gidajensu ta zama haka. Gwanin wannan aiki shi ne Lancelot Brown, wanda ya rasu a 1783 bayan ya tsara harabar manyan gidaje fiye da 170. Yakan tare rafi ya yi tafki, ya tara ƙasa ya yi tudu, ya dasa itatuwa rukuni-rukuni, har wurin ya zama kamar Allah ne ya halicce shi haka. Dabarar da ta fi burge ni, ta kuma fi ba ni tsoro, ita ce gwalalon da ake haƙawa a gefen harabar a gina katanga a cikinsa, yadda saman katangar zai yi daidai da ƙasa. Daga tagar gidan ba ka ganin shinge ko kaɗan, sai ciyawa ta miƙe har cikin daji, amma saniya ko mutumin da ya taho daga waje zai tarar da bango a gabansa. Idan kuma ƙauye ne ya tare gani, sai a ɗauke ƙauyen. A yankin Dorset, wani mai ƙasa, Joseph Damer, ya rushe garin Milton da ke gindin gidansa a shekarun 1770 da 1780, ya kwashe mutanen zuwa wani kwari da ba a hangowa daga taga, ya gina musu gidaje iri ɗaya masu rufin ciyawa a jere. Sabon ƙauyen, Milton Abbas, yana nan har yau, kuma masu yawon buɗe ido suna zuwa ɗaukar hotonsa a matsayin misalin tsohuwar karkarar Ingila.

Masu yawon shaƙatawa na wancan zamani ma suna da wani ɗan baƙin madubi mai doro da suke sawa a aljihu. Idan sun isa wuri mai kyau sai su juya masa baya, su ɗaga madubin, su kalli wurin a ciki ya ƙanƙance ya yi laushi kamar zane.

Wasu daga cikin waɗanda aka ɓoye ba a bayan tudu suke ba, suna can hayin teku. Gidan Harewood da ke Yorkshire an gina shi tsakanin 1759 da 1771 da dukiyar iyalan Lascelles, wadda ta fito daga rake da bayi a Barbados da sauran tsibiran Karebiyan. Brown ne ya tsara harabarsa, kuma a 1797 J. M. W. Turner, yana ɗan shekara 22, ya zo ya zana gidan da fentin ruwa, ga tafki, ga itatuwa, ga sama mai faɗi. Mutanen da guminsu ya biya tafkin da itatuwan da ladan mai zanen 'yan Afirka ne da zuriyarsu, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa ganin wurin ba. Da Birtaniya ta soke bauta da dokar 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya ga masu bayin, su kuwa bayin ba a ba su ko sisi ba. Mai gidan Harewood na lokacin ya karɓi fiye da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da na koma gaban amalanken mahaifiyata, na riga na san abin da zan nema. Constable ɗan East Bergholt ne, an haife shi a 1776, kuma mahaifinsa Golding attajirin hatsi ne mai injinan niƙa a Flatford da Dedham da jiragen dako a kogin Stour. Wurin da ke cikin zanen yana dab da injin niƙan gidansu, ɗan gidan mai jan rufi kuma na wani manomi ne, Willy Lott. A nan akwai ma'aikata, ba kamar gonar Andrews ba: mutum biyu a kan amalanken, wata mace a durƙushe a bakin ruwa, sannan can nesa a cikin fadama, idan ka ƙura ido sosai, ga masu yankan ciyawa a sunkuye, kowannensu bai wuce ɗigon farin fenti ba. Babu wanda fuskarsa ta fito yadda za ka karanta abin da ke ransa. Karen da ke bakin ruwa ya fi kowane ɗan Adam da ke zanen fitowa sarai. Kusa da shi akwai wata inuwa-inuwa a ƙasa, inda mai zanen ya fara sa mutum a kan doki sannan ya shafe shi, kuma da tsufan fenti alamar ta sake ɓullowa. A ɗakin aikinsa na Landan ya yi zanen gaba ɗaya, daga ƙananan zane-zanen da ya tara shekaru da kuma abin da yake tunawa na yarinta.

Shekarun da ya yi wannan aiki suna daga cikin mafi muni da 'yan ƙwadagon gabashin Ingila suka gani. Yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815, sojoji sun dawo gida babu aiki, a wannan shekara kuma majalisa ta kafa dokar hana shigo da alkamar waje har sai farashin ta gida ya yi tsada ƙwarai, abin da ya yi wa masu ƙasa daɗi ya kuma sa burodi ya gagari talaka. A 1816 mutanen Littleport da Ely suka yi bore saboda yunwa, aka rataye biyar daga cikinsu. A daidai wannan lokaci aka killace filin jama'a na East Bergholt, garin su Constable. A 1822, shekara ɗaya bayan an baje zanen, 'yan ƙwadago a Suffolk da Norfolk suka shiga farfasa injinan sussuka da cinna wa tarin hatsi wuta, domin sussuka da hannu ita ce aikin da ke riƙe su a hunturu, injin kuma ya ƙwace ta. Constable ya san da haka, don a wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa a shekarar ya ambaci damuwar ɗan'uwansa da ke kula da kasuwancin gidan, wanda ya ce ba a kwana ba a hango wuta kusa ko nesa ba. A 1830 abin ya game kudancin ƙasar, aka kashe mutum 19 bisa hukuncin kotu, aka kori kimanin 500 zuwa Ostireliya, aka ɗaure fiye da 600. Duk wannan bai bar ko hayaƙi ba a sararin samaniyar da ya zana, shi da ya fi kowa a zamaninsa nazarin gizagizai.

Ba na jin daɗin masu cewa da zarar an san wannan tarihi sai a tofa wa zanen yawu. Constable ya ƙaunaci kogin nan ƙauna ta gaskiya, ya san ruɓaɓɓen katako da gansakuka da yadda haske ke sauka a kan ruwa bayan yayyafi, kuma ya zana su yadda babu wanda ya yi kafinsa. Shi ma ya ɗanɗani wulakancin masu matsayi, domin kakan matarsa Maria, babban limamin cocin garinsu, ya yi shekaru yana adawa da aurensu saboda yana ganin gidan mai niƙa bai kai ba. Zanen ma bai samu mai saye a Landan a 1821 ba, sai da aka kai shi Paris a 1824 ya samu lambar zinariya. Amma ɗan mai injin niƙa ne, kuma daga inda ɗan mai injin niƙa yake tsayawa ya kalli fadamar. Daga can, mutanen da ke aiki suna daga cikin abubuwan da ke ƙawata wuri, kamar shanu da itatuwa, kuma muddin suna sunkuye komai yana daidai. Mutum ne mai ra'ayin riƙau, wanda ya tsorata ƙwarai da gyaran dokar zaɓe na 1832. A ganina bai zauna ya ƙulla ɓoye kowa ba, abin da idonsa ya saba gani tun yana yaro ya zana, kuma wannan ya fi ƙulli da gangan wuyar ganewa, domin mai zanen da mai sayen da mai kallon duk sun yarda cewa haka duniya take.

Abin da ya tabbatar mini da cewa girman mutum a cikin zane magana ce ta iko shi ne abin da ya faru a Faransa a 1857, lokacin da Jean-François Millet ya baje zanensa na mata uku masu kala. Ya sa su a gaba, manya-manya, biyu sun duƙa har ƙasa, ɗaya tana ƙoƙarin miƙewa, hannayensu jajaye masu kauri, a hannun kowacce 'yan zangarnun da ba su taka kara sun karya ba. Tarin hatsin mai gona da wakilinsa a kan doki su ne ya tura can nesa suka zama ƙanana. Bai zana bore ba, bai zana wuta ba, amma da yawa daga masu sharhi da masu hannu da shuni na Paris sun ji haushinsa, don shekara tara kacal ke nan da juyin 1848 kuma ba su manta ba. Gona ce da girbi da hasken rana, kayan da Gainsborough da Constable suka yi aiki da su, illa dai an sauya wanda ke gaba da wanda ke baya.

Tun daga lokacin nake kallon bangon otal-otal da ofisoshinmu da wani ido. Kusan ko'ina za ka ga zanen nan na bukkoki da kuka da rana tana faɗuwa, da mace mai daka ko yarinya ɗauke da ƙwaryar nono, babu fuska, sai siffa baƙa a kan jan sama. Wanda ya rataye shi yana zaune a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, kuma idan hira ta yi daɗi zai ce maka babu rayuwa irin ta ƙauye. Ni ma na sha faɗin haka, ni da rabona da riƙe fartanya tun ina makarantar sakandare.

Da na dawo gida hutu, na buɗe wa mahaifiyata cikakken zanen a waya, na ajiye kusa da murfin gwangwaninta. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe amalanken ma babu kaya a ciki." Na ce mata ai hanyar fadama ya nufa, can za a yi masa lodi. Na ja hoton da yatsu biyu har ɗigon fararen nan suka girma suka dusashe, na ce, "Inna, ga masu yankan can." Ta matso da wayar kusa da fuskarta, ta bi su da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa a hankali, ta ce rana ta take amma ba su tashi ba, kuma ba ta ga wanda ya kawo musu fura ba. Daga nan ta tambaye ni ko da kuɗi ake biyansu ko da hatsi, na ce da kuɗi, 'yan sulalla a mako. Ta miƙo mini wayar, ta jawo gwangwanin ta buɗe, ta ce in zura mata zare a allura tunda idona ya fi nata.